Muryar Auta a Cikin Na'ura

Rana ta gama sauka bayan gidaje, inuwa ta cika tsakar gidan. Mama tana alwala a bakin famfo, Auta tana kwashe shanya daga igiya. Daga ɗakin ƙarshe, wanda na Kaka ne kafin ta rasu, wani ɗan bugu yake fitowa yana maimaita kansa. Babban ɗan gidan ne a ciki, wanda kowa ke kira Injiniya saboda gyaran waya da yake yi a kasuwa.

Kwanan nan ya sayo wata tsohuwar na'ura da ake kira sampula, mai maɓallan roba a jere. Takan ɗauki sauti, mutum ya yayyanka shi, ya ɗora kowane yanki a kan maɓalli, ya buga da yatsu har ya zama kiɗa. Injiniya ɗan koyo ne, a bidiyon waya yake kallon yadda ake yi. Ya ɗauki ƙarar cokali a kan kofi, ya ɗauki ta murfin tukunya, har tarin Mama ya ɗauka. Mama takan ce, "Wannan yaro, saura numfashinmu." Amma duk abin da ya haɗa sai ya fito a sandare, ba rai a cikinsa.

A wannan yammacin dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Mama ta ɗaga kai tana jiran ta ji gudun yara a lungu, ba ta ji ba. Na biyu ya sauka a hankali a gaban Auta, bai gangara ba, kamar hannu ne ya ajiye shi. Injiniya ya kashe na'urar ya fito bakin ƙofa. A bayansa maɓalli ɗaya ya kama wuta shi kaɗai, murya ta fito siririya, ta rera rabin kalma, ta koma farko, ta sake rerawa.

Auta ta saki kayan da ke hannunta.

"Yaya, ba ka ce ka goge ba?"

Waƙar barci ce da Kaka ta saba yi wa Auta, ba wanda ya taɓa jin ta a wani gida. Auta kuwa mai kunya ce, ko a gaban ƙawayenta ba ta waƙa. Wata rana tana wanke-wanke tana rerawa, ya laɓe a bayan ƙofa ya ɗauke ta. Da ta gane, ta yi kuka, shi kuma ya rantse mata ya goge. Bai goge ba. Daga ranar da ya ɗora muryar a kan bugunsa ne kiɗansa ya fara numfashi.

Daga nan gidan ya daina zama lafiya. Da zarar magariba ta kawo kai sai jifa, kuma a rasa mai yi. Ana jin ana jan tabarma a ɗakin Kaka alhali babu tabarma a ciki. Injiniya ya zare wayar wuta, ya nannaɗe na'urar da bargo ya tura ƙarƙashin gado, duk da haka muryar tana tasowa can ƙasa-ƙasa, rabin kalma, rabin kalma. Auta ta rame, ta daina haɗa ido da shi.

Ranar da abin ya kai ƙarshe, an aike ta kanti da la'asar. Tana wucewa ta gaban shagon aski ta ji kanta a lasifika, an ɗora mata ganguna, wani ƙato yana ihu a kai, samari suna kaɗa kai suna dariya. Ashe Injiniya ya riga ya ba wani abokinsa mawaƙi. Ta dawo ba saƙon, ta tsaya a tsakar gida ta dubi yayanta, sannan ta faɗi. Da ta buɗe ido, ba idonta ba ne.

Mama ta aika aka kira wani malami mai ruƙiya, dattijo mai sanyin magana. Ya iso rana na gab da faɗuwa. Ya zauna kusa da kan yarinyar ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Jifan ya tsaya. Gidan ya yi tsit, har ɗigon famfo ana ji. Can jikin Auta ya ɗauki rawa, bakinta ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito, a shaƙe.

"Ya isa, Malam. Ba faɗa na zo yi ba."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Ina nan tun ba a aza tubalin gidan nan ba. Tambaye su ko na taɓa fasa musu ko da kofi."

"To me ya kawo ki jikin yarinya?"

"Yarinyar nan tana jaririya uwarta ta kwanta asibiti. Ta ƙi barci, ta ƙi madara. Kakarta ta rungume ta tana kuka, ni kuma na ji tausayi, na rera wa tsohuwar waƙa a kunne. Waƙar da nake yi wa ɗana ce kafin ya mutu. Na ce aro ne, kada ta fita ƙofar gidan nan. Tsohuwa ta riƙe amana har kabari, yarinya ma ta riƙe." Kan Auta ya juya a hankali ya fuskanci Injiniya. "Wancan kuwa ya daddatsa ta kamar nama, ya kai ta kasuwa. Da waƙar ɗana ake rawa a shagon aski."

Injiniya ya durƙushe. "Wallahi ban sani ba."

"Amanata ce ba ka sani ba. Ta ƙanwarka fa?"

Mama ta rufe fuska da mayafi. Malam ya ce, "Ke da bakinki kin ce yarinya ba ta da laifi. Sake ta."

"Ban fasa ƙofa ba. Zuciyarta na tarar a tsage, na shiga. A ba ni muryarta in tafi."

"Ba za a ba ki ba."

"To yatsun wancan."

"Ba ki da haƙƙi a jikin kowa. An zalunce ki, na yarda, amma in kika taɓa su kin zama azzaluma, kuma zan ci gaba da karatu." Ya buɗe baki zai fara, ta yi wani nishi mai tsawo.

"To a ba ni abina."

Malam ya dubi Injiniya. Injiniya ya jawo na'urar, ya kunna ta. Ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, kowanne wutarsa na mutuwa. Da ya gama ya ce da ƙaramar murya, "Wadda ta riga ta shiga gari fa?"

"Waccan gawa ce, ku riƙe. Na bar muku gidan. Daga yau duk jaririn da ya yi kuka a nan, ku san yadda za ku yi da shi."

Malam ya sa ta rantse ba za ta dawo ba. Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki, barci ya ɗauke ta.

Jifa bai sake faɗowa ba. Auta ta warke sarai, sai dai waƙar ta ɓace mata, ko kalma ɗaya ba ta iya tunawa. Mama ma ta gwada ta kasa. Injiniya ya je ya roƙi abokinsa ya janye kiɗan, abokin ya yi dariya ya ce ai ya riga ya shiga wayoyin mutane, bai ma ambaci sunan Injiniya a ciki ba.

Bayan an kwana biyu ya sami Auta a kicin tana yanka albasa. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa kafin ya ce, "Auta, ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. "Na yafe, Yaya."

Ya ji daɗi, ya jawo kujera zai zauna su yi hira kamar da. Ta ajiye wuƙar, ta dubi aljihun rigarsa.

"In magana za mu yi, ka fara kai wayarka ɗaki."