Rairayi a Ofishin Mai Teku

Da hantsi aka bugo waya caji ofis, aka ce an tsinci gawa a wani ofishin dillancin gidaje da ke saman shagon tayoyi. Sufeto ya ture kofin shayinsa, ya ɗauki hula. Ya daɗe a aikin nan har kalmar gawa ta daina motsa masa komai. Ya yafito Saje, suka shiga mota.

Ofishin ɗaki biyu ne. Bangon duk hotuna: ruwa shuɗi, itatuwan kwakwa, fararen benaye masu baranda. A ɗakin ciki akwai teburi ɗauke da samfurin unguwar da za a gina, an yi shi da kwali da roba, har da 'yan mutane kamar tsinke kwance a bakin ruwa. Mamacin na kwance kusa da teburin, jini ya bushe a gefen kansa.

"Mai Teku ake ce masa," in ji Saje. "Gidajen hutu yake sayarwa a ƙasar waje. Ka biya yanzu, a gina maka daga baya. Ni da ko ɗakin da nake gani da idona ban iya saya ba."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya tsuguna. Fasassun gilashi masu kauri sun watsu a kafet, ga rairayi fari tas, mai laushi, da 'yan ɓaraguzan bawon kifin ruwa a ciki. Ya murza shi da yatsa. Ba irin na magina ba ne.

Sakatariyar na zaune a ɗakin waje, ta ƙanƙame jakarta.

"Ke kika fara ganinsa?"

"Ni ce, Yallaɓai. Da na zo buɗe ofis da safe."

"Wa ya zo wurinsa jiya da yamma?"

"Babu kowa."

"Rairayin nan na samfurin ne?"

"A'a. Na samfurin fenti ne kawai."

"To iska ce ta hau bene da shi?"

Ta sunkuyar da kai. Ya bar ta cikin shiru, don ya san shiru ya fi tsawa aiki. Can ta ce ita dai oga ne ya leƙo ya sallame ta tun kafin lokacin tashi, ya ce yana da baƙo, maganar gida za su yi. Ba ta ga baƙon ba, sai dai ta ji takun sanda a matakala.

"Me ya sa kika ce babu kowa?"

"Manaja ne ya ce kada in yi maganar masu saye."

Manaja abokin kasuwancin mamacin ne. Sun same shi a gidansa yana cusa kaya a bayan mota. Ya ce unguwa za shi, ta'aziyya. Saje ya leƙa, ya ga har da tukunyar gas.

"Ginin nan ya kai ina?" Sufeto ya tambaye shi.

"Ana rufi, ranka ya daɗe. Ga hotuna."

Ya miƙo waya. Sufeto ya duba bene mai hawa huɗu, ya ja hoton ya faɗaɗa shi. A jikin katanga akwai allo da sunan wani otal daban.

"Kira mai kula da ginin, ya nuna mana ta bidiyo."

Manaja ya latsa lamba, ya kanga a kunne, ya sauke. Ya jingina da motar.

"Ba za su ɗauka ba. Sun daɗe da daina ɗauka."

Daga nan bayani ya zubo. Kamfanin da ke can bai taɓa samun izinin gini ba, filin ma yana kotu. Yarjejeniyar da masu saye suka sa wa hannu da harshen can aka rubuta ta, kuma ta ce duk wata ƙara sai a kotun can. Shi da Mai Teku ba wanda ya taɓa taka wurin. Da suka gane, sai suka ci gaba da sayarwa, wai ko abin zai gyaru.

"A cikin masu sayen, wa ya taɓa zuwa can?"

"Ba ma bari su je. Mukan ce wurin aiki ne, da haɗari." Ya mayar da wayar aljihu. "Ban da mutum ɗaya. Shi bai nemi izininmu ba. Ku tambayi matar marigayin."

Sufeto ya sa aka wuce da Manaja caji ofis, shi da tukunyar gas ɗinsa.

Gidan mamacin ya cika da mata. Aka shigar da Sufeto wani ƙaramin ɗaki, matar ta same shi a can. Ba ta kuka. Idonta a bushe, tana magana kamar mai karanta sanarwa.

"Allah ya ba da haƙuri. A danginku akwai wanda ya sayi gidan nan na bakin teku?"

"Ban sani ba. Ba na shiga harkar ofis."

"Akwai wanda ya yi tafiya ƙasar waje kwanan nan?"

"Babu."

A bayan ƙofa akwai keken guragu a naɗe. Sufeto ya kai hannu ya juya wata doguwar takarda da ke liƙe a hannun keken, irin wadda ake ɗaura wa kaya a filin jirgi.

"Na wa ne wannan?"

Ta daɗe tana kallon keken.

"Na mahaifiyata. Ta rasu watan jiya."

"Wa ya tura ta a kansa?"

"Baba."

"Yana dogara sanda?"

Ta gyaɗa kai. Ta ce Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne. Likita ya ce huhun Inna na son iska mai tsabta, Mai Teku kuma ya zauna a falonsu ya buɗe musu hotuna, ya ce in ba sa nan a ba masu yawon hutu haya. Baba ya sayar da gidan da aka haifi 'yar tasa a ciki, ya biya kuɗin na bakin teku, suka koma ɗakin haya kafin a gama ginin.

"Jiya ya zo nan?"

"Bai zo cin abinci ba. Tun nan jikina ya ba ni." Ta ja mayafinta. "Ba za ku gane layin ba. Zan raka ku."

Ɗakin yana bayan wani wurin wankin motoci. Ta ce za ta jira a mota. Ƙofa a buɗe take. Tsohon na zaune a bakin katifa, sanye da riga mai tsabta, takalmansa a ƙafa, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Tafin hannunsa na dama a ɗaure da tsumma.

"Sannu, Baba. Me ya sami hannun?"

"Ƙofar banɗaki ce."

"Ƙofar gilashi ce?"

Tsohon ya dubi hannun, ya dubi Sufeto. Ya matsa gefe ya ba shi wuri a katifar.

"Zauna, ɗana. Ƙarya ba ta dace da furfurata ba."

Ya ba da labarin ba tare da muryarsa ta hau ko ta sauka ba. Jikin matarsa ya tsananta, ta ce tana son ta ga gidan nata ko da bulo ne. Suka hau jirgin sama. Mai tasi ya yi ta yawo da su har ya sauke su a gaban wani shingen waya mai tsatsa. Bayansa ciyawa, da turakun ƙarfe a tsaye, da awaki. Ya nuna takardunsa a ofishin hukumar garin, wata mata ta duba ta ce ba shi ne na farko ba.

"Tekun dai yana nan," ya ce. "Wannan bai yi ƙarya ba. Na tura ta har bakin ruwa. Ta ce in ɗibar mata rairayin a kwalba. Da muka dawo ba ta ƙara tashi ba."

"Jiya fa?"

"Na kai masa kwalbar. Ba faɗa ya kai ni ba. So nake in ajiye a gabansa, ya dube ni ya ce, Baba na cuce ka. Da shi ke nan, in tashi in tafi. Mijin 'yata ne, uban jikokina."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce in kwantar da hankalina, an buɗe sashe na biyu, ya fi kusa da ruwa. In na ɗan ƙara wani abu zai mayar da ni can." Ya dubi tsumman hannunsa. "Kwalbar na hannuna. Sau ɗaya na buga masa. Na zauna kusa da shi har ya daina numfashi, sannan na ja masa ƙofa."

Sufeto ya rubuta. Ya saurari ƙirjinsa ko zai ji wani abu, tausayi ko haushi. Bai ji komai ba sai ƙarar injin wankin mota ta bango.

Saje ya ciro ankwa. Sufeto ya dubi hannun mai tsumma, ya ce a bari. Suka fito da tsohon a tsakiyarsu, yana dogara sandarsa.

'Yar ta sauko daga kujerar baya ta riƙe masa ƙofa. Ba su haɗa ido ba.

"Baba, ka sha maganinka?"

"Na manta."

Ta shiga ɗakin, ta fito da 'yar leda, ta danƙa wa Saje.

"Farin da safe, jan da yamma. Kada a ba shi da yunwa."

Saje ya karɓa da hannu biyu. Sufeto ya ce ta shigo a sauke ta a gida, mutane na jiranta. Ta girgiza kai, ta ce za ta rufe ɗakin tukuna.

Motar ta tashi. Har suka sha kwana tana tsaye a bakin ƙofar, ba ta shiga ba, ba ta rufe ba.