Abin da Sajan Manjo Ya Rubuta a Bayan Hoto

Baffa ya yi wa mamaci ƙarya, kuma mamacin yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Duk ruɗanin da Auta ta shiga na tsawon wata biyu daga bakinsa ya fito.

Auta ita ce ƙaramar 'yar Sajan Manjo, sojan da ya yi shekara talatin da biyar a cikin kaki. A bariki tsoronsa ake ji. A gida kuwa shi ne mai jera takalman 'ya'yansa a bakin ƙofa kowace safiya, ya goge su ɗaya bayan ɗaya yana mitar wane ya taka taɓo. In ya dawo daga bakin aiki ba ya zama sai ya kira sunan kowa ya ji an amsa, har da matarsa, Umma.

Wata bakwai da rasuwarsa iyalin suka shirya buga ɗan littafin hotunansa, saboda jikokin da ba su san shi ba. Auta ta tashi daga asibitin da take aikin jinya, ta ɗauki tsohon albam ta kai shagon gyaran hoto.

Saurayin da ta tarar a gaban kwamfuta ya miƙo hannu zai karɓa. Ta riƙe albam ɗin gam, ta ce ya fara wanke hannu. Ya wanke. Ta ce kada ya lanƙwasa ko da shafi ɗaya, kada ya ajiye kofi kusa da shi, kuma ranar Talata ƙarfe huɗu za ta dawo ta ga inda aka kwana.

"An gama, Kwamanda," in ji shi.

Ta harare shi, amma sai da ta fita ta gane murmushi take yi.

Aikin ba na rana ɗaya ba ne. Hotunan a manne suke da gam, wasu ruwa ya ci su, dole ya bi su a hankali. Duk Talata sai ta zauna a kan benci ta ba shi labarin kowane hoto: wannan ranar da aka ƙara wa Baba igiyar muƙami ce, wannan ranar da ya dawo daga inda aka tura shi aiki bayan wata goma sha huɗu, ta ƙi yarda ya ɗauke ta don ba ta gane shi ba. Shi kuwa yana saurare da kai a sunkuye. Tun yana tambayar labarin hoto har ya koma tambayar labarinta.

Wata rana saƙonsa ya shigo wayarta: "Kwamanda, na gyara hoto ashirin yau, amma fuska ɗaya ce ta ƙi fita daga idona, kuma ba ta cikin albam."

Ta mayar masa: "Mai Hotona, ka mai da hankali kan aikin mutane. Ka ci abinci kuwa?"

Da magana ta yi ƙarfi ya turo manyansa. A nan Baffa ya miƙe. Ya tara Umma da Yaya, babban wan Auta, ya ce akwai amanar da ya daɗe yana ɗauke da ita. Wai a gadon asibiti marigayin ya kama hannunsa ya ce kada a ba Auta kowa sai soja. An yi sa'a kuma, ƙanin matar Baffan laftanar ne na soja, ba shi da aure.

Umma ta auna maganar a ranta. Ita ta yi jinyar mijinta, ba ta ji wannan magana ba. To amma takan fita alwala, takan je karɓo magani. Wa zai rantse a kan abin da aka faɗa ba ya nan? Yaya ya sunkuyar da kai ya ce in dai Baba ya faɗa, magana ta ƙare.

Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Baban da ta sani bai taɓa zaɓa mata ko kalar takalmi ba. Amma Baban nan dai ya fi son kakinsa da komai in ban da su. Ko ya faɗa? Ko zafin ciwo ne ya sa shi? In ya faɗa ta ƙi, da wane ido za ta ƙara kallon hotonsa? In bai faɗa ba ta bi, wa ta yi wa biyayya ke nan? Sau biyu a mako ɗaya shugabarta a wurin aiki tana kiran sunanta ba ta ji ba.

Ta rubuta wa mai hoton: "An ce Baba ya bar wasiyya. Ban san me zan yi ba. Ban san ma me nake ji ba."

Amsarsa gajera ce: "Ba zan sa ki saɓa wa mahaifinki ba."

Daga nan ya yi ɗif, kwana tara. Wannan ya fi komai dagula ta. Ta ce a ranta ashe dama neman hanyar gudu yake. Ranar Talata ta shiga shagon fuska a murtuke, ta ce ya ba ta albam ɗinta, an fasa aikin.

Bai musa ba. Ya ɗauko shi, tare da wata ambulan. Ya ce gam ɗin shafukan ƙarshe ya bushe, hotunan suka ɓanɓaro da kansu, sai ya ga kowanne da rubutun fensir a bayansa. Kwana tara ke nan yana juya abin a ransa.

"Me ya hana ka kira ni?"

"In ni na kawo, za a ce ni na rubuta. Kuma sirrin gidanku ne, bai kamata ma in karanta ba."

"Ni kuma ka bar ni ina haukacewa?"

"Na yi laifi, Kwamanda."

Ta zauna a bencin. Rubutun Baba ne, manyan baƙaƙe a tsaye kamar 'yan fareti, kowanne da kwanan wata. A bayan hoton Umma tana tsaye a ƙofar gidansu na bariki ya rubuta: "Ta jira ni wata goma sha huɗu. Ban biya ta ba." Na ƙarshe hoton Auta ne cikin fararen kayan aiki, mako uku kafin a kwantar da shi a asibiti: "Auta. Ta zaɓi miji da kanta, ba ruwana da sana'arsa. Roƙona kada ta yi irin jiran da uwarta ta yi."

Ta yi kuka har sai da ya rufe shagon.

A gida Umma ta shafa rubutun da yatsa, ta ce ko a cikin dubu za ta gane shi. Ta sa aka kira Baffa. Da ya ga hoton sai ya ce ai mutum kan canja ra'ayi in ya ga mutuwa. Umma ba ta ɗaga murya ba. Shekara arba'in ta zauna da mutumin da ba ya karɓar rahoto babu rana da lokaci, don haka ta yi masa tambayar da mijinta zai yi.

"Baffan yara, wace rana ya gaya maka? Ƙarfe nawa?"

Ya ce ranar Laraba da hantsi, kwana biyu kafin rasuwar, ranar da kowa ya san ya zo.

"Tun Lahadi aka sa masa robar numfashi a baki," in ji Umma. "Ko ni bai ƙara yi wa magana ba."

Baffa ya dubi Yaya, Yaya ya kau da kai. Sai Baffa ya fara cewa wataƙila da ido marigayin ya yi masa nuni. Shi ma laftanar ɗin da labari ya kai masa, sai ya ce bai aiki kowa ba, ya turo a ba Umma haƙuri.

Da yammacin ranar Auta ta rubuta: "Mai Hotona, gobe ƙarfe huɗu. Umma na son ganinka. Ka goge takalminka."

"Tun yanzu na fara, Kwamanda."

Washegari da ya zo, Umma ta dubi takalmin kafin ta dubi fuskarsa, ta ce ya shigo. Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Littafin ya fito a makon, kowane hoto da rubutun bayansa a gefe. Tsofaffin abokan aikin Sajan Manjo suka zo da sandunansu suka sa albarka, Umma ta haɗa hannayen yaran ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa kowace yamma ta same su a gida ɗaya.

Yaya ne ya ba da auren. Baffa, wanda shi ya kamata ya bayar, a layin baya ya zauna. Tun daga ranar ba a ƙara kiransa shawarar gidan ba, kuma ko saƙon gaisuwa ya kawo sai an buga waya an tabbatar.