Shuɗin da Ya Ƙi Wankuwa

Da safiyar Litinin aka tsamo gawar Muntari, manajan wata masana'antar jima a Challawa da ke Kano, daga ramin sinadarin da ake jiƙa fatu. Ya rine shuɗi tun daga kai har ƙafa.

Sufeto Abdulbaqi ya bi fuskokin ma'aikata da kallo. Babu mai hawaye, ko na munafunci.

"Wa ke jin haushinsa a nan?"

Zuwaira mai sayar musu da abinci ta taɓe baki. "Ranka ya daɗe, ka nemi wanda ba ya ji, zai fi maka sauƙi. Amma ka leƙa Dakata wajen Kamilu mai zane. Ƙanensa Tijjani a ramin nan ya mutu bara."

Kamilu zanen jikin manyan motoci yake yi. A rumfarsa sufeto ya tarar da wani ƙaton zane mai siffar da'ira a jikin katako. Jariri na tsala ihu, ya zama yaro, ya zama saurayi, ya faɗi gawa shuɗiya, daga ƙirjin gawar wani jariri na fitowa. Fuskokin a karkace, bakuna a wangale, launukan kamar da fushi aka watsa su. Abdulbaqi bai damu da zane ba, amma sai da ya matsa kusa ya ƙura wa wannan ido.

"Yaushe rabonka da Challawa?"

"Tun rasuwar Tijjani. Ban sake taka ƙafa ba."

A can ƙasan zanen, waje da da'irar, akwai wata gawa mai tumbi irin na Muntari. Ita babu abin da ke fitowa daga jikinta. Sufeto ya dangwala yatsa, ya kai hanci.

"Fenti ba ya warin fata, Kamilu. Wannan ruwan ramin ne, ko bushewa bai yi ba."

Kamilu ya ajiye burushi a hankali.

"Ramin ba shi da shinge, Tijjani ya zame. Muntari ya hana a tsayar da aiki, wai fatu za su lalace. Ni na yi wa ƙanena wanka. Na cuɗa, na cuɗa, shuɗin ya ƙi fita. Inna ta buɗe fuskarsa ta ce wannan ba ɗanta ba ne. Har yau tana ajiye masa tuwo."

"Sai ka tura Muntari ciki."

"Jiya Lahadi, ya zo duba kaya shi kaɗai. Na tura shi, na tsaya kallo kamar yadda ya tsaya ranar da Tijjani ya faɗa. Sannan na ɗebi ruwan a gwangwani."

Tausayi ya kama sufeto, amma ya buga masa ankwa. Suna isa bakin mota Kamilu ya waiwayo.

"Ranka ya daɗe, roƙona ɗaya ne."

"Ina jin ka."

"Kada ku bari asibiti su wanke Muntari. A kai wa 'ya'yansa, su cuɗa da hannunsu."