Taraktar da Aka Tayar Ba Ruwa

Da wata safiyar Yuli, tsakiyar hunturu a Tasmaniya, raɓa ta daskare fari fat, Sufeto Rennick ya tarar da gawar Alwyn Pryor, tsohon makiyayin tumaki, ƙarƙashin tayar taraktarsa. Duk tsaunukan Tasmaniya an san irin wannan mutuwar. Mutum ya tsaya ƙasa ya haɗa wayar sitata don tayar da inji, tarakta tana cikin giya, sai ta bi ta kansa.

Matarsa Noelene tana zaune kan kututture, ko kuka ta kasa.

"Ni na kashe shi, Sufeto. Ni na ajiye ta jiya. A giya na bar ta."

Rennick ya nufi taraktar. Ya buɗe lagireto, wayam, ko ɗigon ruwa babu. Famfon tsiyaye ruwa na ƙasa ma a buɗe yake.

"Wa ya tsiyaye ruwan?"

"Alwyn. Kullum da yamma, kada ƙanƙara ta fasa injin. Da safe ya juye mata ruwan zafi bokiti biyu kafin ya taɓa ta."

"Ya taɓa mantawa?"

"Shi? Gara ya manta da ni."

A bayan rumfa Rennick ya ga bokitai biyun a kife, da jini a ƙasa, da tsumma ƙonanne mai warin gas. Can gefe kuma ga ɗan ƙaramin kabari sabo.

Ya kira Desmond, ƙanen mamacin, wanda ya dawo kwanan nan bayan shekara talatin a can arewacin ƙasar, inda ake zafi.

"Ina cikin bargo na ji ta tashi," in ji Desmond. "Yaya da gaggawar tsiya!"

"A bargon girarka ta babbake?"

Desmond ya shafa goshi.

"Ka kunna tsumma a bakin iskar injin don ta tashi, wannan ka tuna. Ruwan ne ka manta, don inda ka zauna ba a tsiyaye shi. Yayanka bai kai ga taraktar da ƙafarsa ba, a bayan rumfa ya faɗi da bokitansa. Kabarin can na waye?"

Desmond ya dubi kabarin. "Karena. Jiya Yaya ya harbe shi saboda ɗan rago ɗaya. Karen nan kaɗai na dawo da shi daga arewa, Sufeto. Na buga wa Yaya shebur, na jawo shi nan, na tayar da taraktar ta bi ta kansa."

Kofur ɗin da ke tare da Rennick ya sa masa ankwa, ya tura shi mota.

Rennick ya tsuguna gaban Noelene. "Ba ke ba ce, baiwar Allah."

Ta daɗe tana kallon bokitan.

"Ni na dafa masa ruwan," ta ce. Sai a lokacin kukan ya zo.