Ƙusar Bayan Ƙofa

Yara, ku yi mini haƙuri. Wani ɓangare na labarin nan ya ɓace mini. Na manta launin kafet ɗin, na kuma manta ko ƙafar dama ce ko ta hagu. Sauran kuwa yana nan a kaina.

Ina da jika mace. A lokacin tana aji huɗu, ko biyar. Babanta yana kiranta Uwata, domin sunan mahaifiyarsa ta ci. Tana da ƙane, Auta, wanda ya fara rarrafe.

A falonsu akwai tsohon kafet mai ƙura. Kullum Auta yana tari. Wata Asabar Baba ya ce, "Yau kafet ɗin nan zai bar gidan nan."

Ya yanka shi da wuƙa, suka naɗe, suka fitar. Sai ga siraran katakai a gindin bango, kewaye da ɗakin. Kowanne cike yake da ƙananan ƙusoshi masu kallon sama.

"Baba, haƙoran mene ne waɗannan?"

"Su ne suke riƙe kafet. Ni zan ɓamɓare su. Ke kuma ga aikinki."

Ya miƙa mata tsohuwar safa cike da tsumma, da filaya, da gwangwani.

"Ido yana ruɗi, Uwata. Ki ja safar nan a gindin bango. Inda ta maƙale, akwai ƙusa. Ki cire, ki jefa a gwangwani. Sai kin ce kin gama za a sauke Auta."

Ina zaune a bakin ƙofa, na ce, "Wannan raguwar ce za ta iya?"

"Kaka, kai dai riƙe sandarka ka sha kallo!"

Ta yi bango ɗaya, ta yi na biyu, ta yi na uku. Gwiwoyinta suka yi ciwo. Ƙawayenta kuma suna kiranta daga waje. Saura bayan ƙofa. Ta leƙa, ba ta ga komai ba.

"Baba, na gama!"

"Ko'ina da ko'ina?"

"Ko'ina."

Mama ta kwance goyo, ta ajiye Auta. Yarinyar ta cire takalmin aiki, tana neman na wasa. Da ta waiwaya, sai ta ga Auta ya nufi bayan ƙofa da saurinsa, yana dariya.

Ta ruga ta sure shi. Ƙafarta ta sauka daidai inda hannunsa zai sauka.

"Wayyo, Mama!"

Guntun katako ne ya saura a lungun, da ƙusa a tsaye. Ta shige mata tafin ƙafa. Amma ba ta saki Auta ba.

Aka kai ta asibiti. Aka wanke ciwon, aka yi mata allura. A hanyar dawowa ta sunkuyar da kai.

"Baba, ban ja safar a bayan ƙofa ba. Ƙarya na yi."

Baba ya ce, "Kin ji zafi?"

"Sosai."

"To, da tafin hannun Auta ne fa?"

Ta fashe da kuka. Da suka isa gida ya ce, "Je ki kwanta, ni zan ƙarasa."

"A'a, Baba. Aikina ne."

Ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafar mai bandeji. Ta faro daga bangon farko, tana jan jiki, tana jan safa. Mama ta ce ta huta, ta ƙi. Safar ta maƙale sau huɗu. Sau huɗu gwangwani ya yi ƙara.

Sannan ta ce, "Yanzu na gama. Kaka, zo ka taka ka ji."

"Ni? Ƙafata ta gado ce, ba ni da wata!" Amma na cire takalmi, na zagaya ɗakin. Ko ƙwarzane.

Aka sauke Auta. Ya yi ta rarrafe har bayan ƙofa, muna ta dariya.

Darasin shi ne: kada ku ce kun gama aiki alhali da saura. Wani yana dogara da maganarku.

Af, batun ƙafa. Kwanan baya ta zo gaishe ni, na tambaye ta. Ta cire takalmi ta nuna mini ɗan tabo. Ta hagu ce. Kafet ɗin kuma, in ji ta, kore ne.