Murmushin da Na Gani a Fuskar Mijina

"Haɗa kayanki da na yarinyar nan, mu tafi!"

"Mama, don Allah ki zauna mu yi magana..."

"Wace magana? Sai ya illata ɗayanku tukuna za mu zauna?"

Yayana na tsaye a bakin ƙofar falo, makullin mota a hannunsa, ya ƙi ko kallon kujera. 'Yata Lele ta yi barci a cinyata da filasta a gwiwa, har cikin barcin tana ajiyar zuciya.

"Bai taɓa ɗaga min hannu ba, Mama. Wallahi ko tsawa bai taɓa yi min ba."

"Shi yaron da ke kwance a asibiti fa? Shi ya taɓa yi masa tsawa kafin yau?"

Na sunkuyar da kai.

Mijina soja ne. Amma duk wanda ya san shi kafin ya sa kaki, da Malam Sanyi ya san shi. A kantin maganin da nake aiki muka haɗu. Kullum sai ya zo sayen maganin ciwon kai, har ranar da na gaji na ce, "Malam, wannan kan naka asibiti yake so, ba kanti ba." Ya yi ta sosa ƙeya, ya ce ai ciwon ba a kai yake ba. Mutum ne da ko kyankyaso ya gani a banɗaki sai ya kira ni. Aikin sojan ma rashin wani aikin ne ya kai shi, bayan ya gama makaranta ya gaji da yawon ofis-ofis.

Lele na rarrafe aka tura su bakin daga. Da ya dawo hutu, tana magana tsaf har da gulma.

Matan abokan aikinsa sun shirya ni. Sun ce zai riƙa firgita, zai ƙi abinci, in ƙofa ta bugu zai zabura. Ban ga ko ɗaya ba. Yana ci, yana barci, yana raka ni kasuwa. Sai dai kamar baƙo na ajiye a gidan. In Lele ta hau jikinsa ya shafa kanta kamar 'yar maƙota. In na ba shi labari ya ce, "To, Zumata," idonsa na kan bango. Na ce wa kaina gajiya ce, za ta sake shi.

Sai safiyar ranar nan. Mun fita saya wa Lele takalmi, muna ƙoƙarin tsallaka titi, wani matashi mai babur ya goge ta. Ta faɗi, gwiwarta ta kuje. Iyakar abin ke nan. Kafin in ɗaga ta, mijina ya fizgo yaron daga kan babur ya maka shi da ƙasa.

"Yi haƙuri, Oga! Don Allah, Oga!"

Bai ji ba. Duka yake yi a natse, kamar mai aikin da ya ƙware a kai. Mutane suka taru suna ihu, babu mai iya matsawa. Na zagaya gabansa don in riƙe hannunsa, sai na ga fuskarsa.

Murmushi yake yi.

Ba na mugunta irin na fim ba. Murmushi ne na gaske, idanunsa sun kawo haske, irin na mutumin da ya dawo gida bayan doguwar tafiya. Tun da ya sauka nake neman wannan hasken. Na yi kwalliya, na yi girki, na yi shagwaɓa, ban samu ba. Ga shi na gan shi a kan jinin ɗan mutane.

Sai da Lele ta ƙwalla ƙara, "Abba!" sannan hannunsa ya tsaya a sama.

Shi da kansa ya ɗauki yaron ya kai asibiti. Ni kuma na dawo gida na kira Mama. Ban san za ta taho da Yaya ba.

Muna cikin ja-in-jar nan ya turo ƙofa. Rigarsa duk jini. Ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, ina wuni."

Ta kau da kai.

"Yaya jikin yaron?" Yaya ya tambaya a daƙile.

"Muƙamuƙinsa ya karye. Sun ce zai warke, amma ido ɗaya sai an gani." Ya ɗago ya dube ni. "Mama na da gaskiya. Ki bi su."

"Me ka ce?"

"Ki bi su, Zumata."

Na juya wajen Mama hawaye na zuba. "Ku sauka da Lele, ina zuwa. Don girman Allah, Mama, magana ɗaya zan yi da mijina."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta saɓa yarinyar a kafaɗa. "Muna mota. Kar ki sa in hawo."

Da ƙofa ta rufe na zauna a ƙasa kusa da shi. Na miƙa hannu, ya janye nasa.

"Na ga fuskarka," na ce.

"Na san kin gani."

"Fushi ne ko? Ka ce min fushi ne. 'Yarka ka gani a ƙasa, kowane uba..."

"Fushin bai kai ƙiftawar ido ba. Ina ganin ta motsa na san lafiyarta ƙalau. Sauran duk daɗi ne."

"Innalillahi..."

"Bari in faɗa miki, ko na samu in numfasa. Ranar da na fara harbe mutum, amai na yi ta yi, na kwana biyu ban ci abinci ba. Abokai suna min dariya, wai Malam Sanyi ya ga jini. Na biyu ban yi amai ba. Sai ranar da maƙiya suka yi mana kwanton ɓauna suka kashe abokina, wanda muke raba bargo ɗaya da shi. Washegari muka rutsa su a bakin wani rafi. Na saita ɗaya yana gudu, na danna, ya kifa. Zumata... ihu na yi. Ihun murna, kamar na ci ƙwallo. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa."

"Ramuwa ce. Sun kashe maka aboki."

"Haka na ce wa kaina. To na bayansa fa? Da na bayan na bayansa? In aka kwana biyu ba a fita ba, sai in ji duniya ta yi min salam. In aka ce a shirya, jikina har tsuma yake."

Na toshe bakina da mayafi.

"Kar ki ɗauka mutanen kirki muke yaƙa. Na ga abin da suke yi wa ƙauyuka, na ɗauki gawar yaran da ba su kai Lele ba. Ban yi nadamar tare su ba, ko gobe zan tare su. Na je wajen limaminmu na bariki, ya ce aikinku kare rayuka ne, babu laifi a kanku. Na ce, Malam, na ji aikin. Daɗin fa? A wane ma'auni za a sa shi? Sai kawai ya ce in yawaita istigfari."

"Kai kaɗai ne haka?"

"Ina! Muna da yawa. Ba dai a faɗa. A gida ana so mu ce mun sha wuya, a tausaya mana. Wa zai zauna gaban matarsa ya ce yana kewar wajen?"

"Kana kewarsa? Kana kwance kusa da ni kana kewar can?"

Ya rufe ido. Hawaye suka gangaro masa, karon farko tun dawowarsa.

"Ina sonki, wallahi ina sonki. Na san da son a nan," ya dafa ƙirji, "kamar yadda na san sunana. Amma ba na jin ɗuminsa. Komai ya dushe, abu ɗaya ne kawai ke kunna ni."

"Ni da Lele... ka taɓa jin..."

"A'a! Ko sau ɗaya. Amma jiya in kin tambaye ni ko zan iya yi wa yaron nan haka, rantsuwa zan yi miki."

Hon ɗin motar Yaya ya karaɗe layin. Na kama hannunsa da ƙarfi, wannan karon ban bari ya janye ba. Hannun duk ya kumbura. Na kifa fuskata a kai na yi kuka kamar raina zai fita. Sannan na tashi na ɗauki jaka. Ba don Mama ta fi ni gaskiya ba. Don in ni kaɗai ce zan zauna, amma ba ni kaɗai ba ce.

Sauran hutunsa a tsakanin asibiti da ƙofar gidanmu ya yi shi. Kullum sai ya je ya zauna da yaron, uwar yaron na zaginsa, yana cewa, "Ki ƙara, Baba, na cancanta." An hukunta shi a wajen aiki, an rage masa igiya. Ya je wajen likitan bariki, ya dawo yana dariyar da ba ta da daɗin ji.

"Maganin barci ya ba ni. Na ce masa, Likita, ai matsalar ke nan, barcina lafiya lau."

Da yamma yakan zo ya zauna a kan benci a ƙofar gida, Lele na wasa da maɓallan rigarsa, Mama na leƙe ta taga. Sannu a hankali ta fara aiko masa da ruwa. Wata rana har ta fito ta ce, "Allah Ya yaye maka, ɗan nan."

Ranar da zai koma, na raka shi har bakin titi.

"Ka ajiye aikin nan, Sanyina. Mu ci duk abin da Allah Ya ba mu."

"Ba a ajiyewa ana tsakiyar yaƙi. Kuma in na ajiye in kai abin ina? Kasuwa? Gida?"

"To ka yi min alkawarin za ka dawo."

"Wanne daga ciki kike so ya dawo?"

"Kowanne. Ka dai dawo, mu yi jinyarsa tare."

Ya daɗe yana kallona kamar mai son haddace fuskata. Ya sumbaci goshina a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba, ya shiga mota.

Bai dawo ba.

Ina kanti ina ƙirga wa wata tsohuwa ƙwayoyin hawan jini Yaya ya shigo. Yadda ya cire hularsa ya riƙe a hannu ya ishe ni bayani.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Manyansa suka zo da kakinsu, suna ta yabo. Jarumi ne, namijin duniya, maƙiya sun san hannunsa. Kowace kalma kamar ana watsa min ruwan zafi. Ina ta cewa a raina, ashe da abin ya tafi. Ashe a cikinsa ya mutu.

Bayan mutane sun ragu, Mama ta leƙo ɗaki. "Wani abokin aikinsa na son ganinki. Ya ce tare suke."

Wani dogon saje ne, hannunsa ɗaya a naɗe da bandeji. Ya zauna a bakin tabarma yana murza hula.

"Madam, ban iya magana ba. Amma na ji abin da ake ta faɗa a waje, na ga ya kamata ki san yadda aka yi."

"Ina jinka."

"Tun da ya koma ya roƙi a cire shi daga masu harbi, a sa shi cikin masu kwaso waɗanda suka ji rauni. Oga ya ƙi, don babu mai saitinsa a cikinmu. Ya yi ta naci har aka gaji aka ba shi. Wasu suka riƙa yi masa ba'a, wai mace ta lalata shi. Bai taɓa tankawa ba."

Na riƙe numfashi.

"Ranar da abin ya faru, ni ya je ɗaukowa. Ya goya ni, mun kusa mota, harsashi ya same shi a wuya."

"Saje... Ya samu sauƙi? Abin da ke damunsa... ya sake shi?"

Ya dube ni, na gane ya san abin da nake nufi. Na ga yana auna ko ya yi min ƙarya.

"Gaskiya, Madam, bai sake shi ba. In aka fara wuta, ina ganin yadda yake kallon bindigoginmu. Hannunsa har rawa yake, sai ya cusa shi a hammata ya danne. Akwai ranar da wani ya faɗi, bindigarsa ta zo daidai ƙafar mijinki, ga maƙiya can suna tahowa. Na ce, ɗauka mana! Ya kalle ta, ya kalle ta... gumi na zuba. Sai ya sunkuya ya ɗauki mutumin."

"Kullum haka?"

"Kullum haka. Kullum yana so, kuma bai ɗauka ba. Har ya mutu bai ɗauka ba."

Ban san lokacin da kukan ya ƙwace min ba. Mama da ke tsaye a bakin ƙofa ta zo ta rungume ni, ita ma tana kuka.

"Na yi masa mummunan zato," take cewa. "Allah Ka yafe min, na yi wa yaron nan mummunan zato."

"Ba ki yi ba, Mama. Duk abin da kika ji tsoro yana jikinsa. Shi ma ya sani."

Lele ta shigo da gudu ta tsaya tana kallonmu, ta kalli kakin sajen, ta je ta dafa gwiwarsa.

"Kai abokin Abbana ne? Yana ina?"

Sajen ya dube ni. Na jawo ta jikina na share hawayena da bayan hannu.

"Abbanki ya je ɗauko wani da ya faɗi, Lele. Zo ki zauna in ba ki labarinsa."