Ranar da Sifana Ta Tare Tirela

Ƙafafu biyu kawai ya gani sun leƙo daga ƙarƙashin wata tirela, cikin takalmin aiki da ya sha baƙin mai.

"Maigida, in ka gama ka taimaka ka duba min tawa. Birkin baya ne yake min kuka."

Mai ƙafafun ya ja jiki ya fito, sai ga budurwa, ɗankwali ɗaure tamau, giris a kumatu. Ta kalle shi sama da ƙasa.

"Maigidan yana ciki. Mai duba birki kuma ni ce. In bai yi maka ba, ƙofar da ka shigo tana nan a buɗe."

Ya tsaya baki sake, sannan ya miƙa mata makulli da hannu biyu.

"Tuba nake, ranki ya daɗe."

Sifana ake ce mata, don tun tana rarrafe ba ta da abin wasa sai sifanonin mahaifinta mai garejin. Shi kuwa direbobi 'yan'uwansa Kunkuru suke kiransa, saboda duk wanda ya taso tare da shi sai ya riga shi isa. Ba ya jin haushi. Yakan ce shi dai bai taɓa kwana a rami ba.

Da ta gama aikin ta koma gefe tana wanke hannu, tana satar kallonsa. Bai faɗa mota ya yi gaba kamar sauran ba. Sai da ya zagaye ta yana bubbuga tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa notuna, ya durƙusa ya zubar da ruwan da ya taru a tankin iska. Ya tayar da inji ya zauna yana jira har agogon iska ya cika.

"Kai ba ka sauri ne?" ta tambaya.

"Ina sauri mana. Saurin dawowa nan nake yi."

Ta juya masa baya don kar ya ga murmushinta. Amma ya gani a madubi.

Daga ranar motar Kunkuru ta zama mai yawan laulayi. Yau fitila, gobe wani ƙara da babu mai jin sa sai shi. Ba a daɗe ba aka koma waya.

"Sifanata, na tsaya tayoyi su huce. Zuciyata ce ta ƙi hucewa, ko za ki duba min ita?"

"Kunkuruna, in na ji labarin kana tuƙi kana latsa waya, wallahi na fasa."

"Mota a fake take, waigi a ƙarƙashin taya. Ni da nake da mai jirana?"

"Wa ya ce maka ana jiran ka? Ka dai ci abinci, ka yi barci ya ishe ka kafin ka tashi."

Ranar da maganar ta kai kunnen Baba, ya dogara sandarsa ya kira ta ofishinsa, wani ɗan ɗaki mai warin man inji. Shi ma tsohon direba ne. Birki ne ya tsinke masa a gangara, ya fita da rai amma ƙafarsa ta dama ba ta ƙara miƙewa ba.

"Uwata, ki nemi duk wanda kike so, ban da direba."

"Baba, kai ma fa direba ne Umma ta aura."

"Shi ya sa! Je ki tambaye ta yadda ta ji ranar da aka shigo da ni a kwance. Ba zan ba da ke ki zauna kina zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara ba."

"Shi ba irin su ba ne."

"Kowa haka yake cewa, har ranar da mai mota zai ce masa ko ya tashi ko ya ajiye makulli. A nan za ki ga sun zama ɗaya."

Ta sunkuyar da kai.

"Ba zan saɓa maka ba, Baba. In ka hana, na hanu. Sai dai kar a kawo min wani, don ba zan kalle shi ba."

Akwai kuwa wanin. Manaja, ɗan mai kamfanin da Kunkuru yake wa tuƙi, ya daɗe yana zuwa garejin da ƙaramar motarsa mai sheƙi, yana taka ƙasa kamar za ta ɓata masa takalmi. Ya sha ce mata hannu irin nata bai dace da giris ba. Ita kuma ta sha ba shi amsa cewa hannun bai kai masa ƙara ba. Da ya gane wanda ya sha gabansa, sai ya ƙulla abin a ransa.

Wata safiya aka loda wa motar Kunkuru siminti har ta tsuguna. Yana zagayensa na kullum ya ji wani siririn huci a bayan kan motar. Tiyon da ke kai iska birkin bodin tirelar ne ya tsage, wani ya naɗe shi da robar taya. Ya wuce ofis kai tsaye.

"Yallaɓai, motar nan ba za ta tashi ba sai an sa sabon tiyo."

"Mai kaya yana jira. In ka dawo a sa."

"Hanyar nan gangara ce. In iska ta zube, ba ni da birki."

Manaja ya jingina da kujera yana murmushi.

"Ai budurwar taka ce ta duba ta, ta ce lafiya lau. Ko ba ka yarda da aikinta ba?"

Maganar ta soki Kunkuru. Ya ajiye makullin a kan tebur.

"Ko wa ya duba, ba zan ja ta ba."

"To ka bar min kamfani."

"Na bari."

Kafin ya kai bakin titi, Manaja ya riga ya kira Sifana. Ya ce mata direban nata ya ajiye aiki a gaban mutane, wai ba zai hau motar da mace ta taɓa wa birki ba.

Kunkuru ya yi ta kira ba ta ɗauka ba. Saƙo ɗaya ta tura masa.

"Ashe haka kake kallon aikina? Na gode. Kar ka ƙara kira na."

Amma zama ya gagare ta. Ta san abin da ta ɗaura a motar nan, kuma ba za ta bari a ɓata mata suna a banza ba. Ko rigar aiki ba ta cire ba ta tari mai babur sai harabar kamfanin.

Ta iske an riga an ba wani direba motar, wani dattijo mai 'ya'ya da yawa wanda ba ya iya cewa a'a. Inji yana ruri, mai gadi yana jan ƙofa. Tana matsowa ta ji hucin. Ta leƙa bayan kan motar ta ga robar, ta ga tsagar. Wannan ba aikinta ba ne, ko kusa da wurin ba ta taɓa ba. Nan take ta gane komai.

Ta zagaya ta tsaya a gaban tirelar, a tsakiyar ƙofa, ta harɗe hannu.

"Kawu, kashe motar nan!"

"'Yata, ki rufa min asiri ki matsa," in ji dattijon ta taga. "In ban tafi ba ni ma kora ta za a yi."

"Gara a kore ka ka koma gida da ƙafarka."

Manaja ya fito yana kumfar baki.

"Ke! Motar ubanki ce? Matsa ko in sa a ɗauke ki!"

"Sa a ɗauke ni. Amma motar nan in za ta fita, ta kaina za ta bi. Kai ka ce na duba ta? Maimaita a gaban mutane, ina ji."

Direbobi da 'yan lodi suka fara taruwa. Sai ga Kunkuru, wanda dama bai yi nisa ba, yana bakin titi yana jiran ya tare duk wanda aka ba motar. Ya zo ya tsaya kusa da ita. Wani direba ya bi bayansa, wani ma ya biyo, har ƙofar ta toshe.

Ana cikin haka Baba ya iso, don an gaya masa 'yarsa ta fita a fusace. Ya ratsa taron yana dogara sanda, ya je ya kasa kunne a bayan kan motar. Ya daɗe a wurin. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Irin hucin nan na ji a ranar," ya ce a hankali. "Na ji shi sarai, amma na ji tsoron mai mota, na tashi." Ya juya ga dattijon. "Sauko, ɗan'uwa."

Dattijon ya kashe inji ya sauko. Manaja ya duba fuskokin da suka kewaye shi, bai ga ko ɗaya da ke tare da shi ba, ya koma ofis ya bugo ƙofa.

Sifana ta kalli Kunkuru ta gefen ido.

"Ka yafe min. Na yarda da maganar banza."

"Ni ma da ya ce ke kika duba, sai da gabana ya faɗi."

"Amma duk da haka ka ƙi ja?"

"Ko ke kika ce in ja, ba zan ja ba, Sifanata. So nake in tsufa ina ba ki haushi."

Ta kai masa duka da tsumman hannunta tana dariya, hawaye na zuba.

Baba ya yi gyaran murya, duk suka nutsu.

"Kai ne Kunkurun?"

Kunkuru ya durƙusa. "Ni ne, Baba."

"Yanzu ba ka da aiki."

"Babu, Baba."

"Kuma a haka kake son 'yata?"

"A haka, Baba. Aiki zan samu. Hannuna da lasisina suna nan."

Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya ya kama hanya. Sai da ya yi 'yan taku ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ka turo manyanka."

Labarin ya zaga duk inda manyan motoci suke tsayawa. Wasu masu motoci suka ce ba sa son mai taurin kai, Kunkuru ya sha yawo kafin wata hajiya mai tankokin man gyaɗa ta aiko a kira shi, ta ce irinsa take nema. Bayan ya kama aiki aka sa rana.

Ranar ɗaurin aure tireloli suka yi layi tun daga ƙofar gareji har kwanar titi, an wanke su suna ƙyalli. Da aka shafa fatiha direbobi suka danna hon gaba ɗaya, har Umma ta toshe kunne tana dariya tana kuka. 'Yan'uwa suka yi ta tsokanar amarya, wai yau ne suka fara ganin ainihin launin farcenta.

Da za a tafi da ita, Baba ya kama hannunta ya ɗora a na mijinta, ya riƙe su duka biyu.

"Ga ta nan. Taurin kai gare ta, kai ma haka, sai ku yi ta haƙuri da juna. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Kai kuma duk inda ka tafi, Allah ya dawo mata da kai lafiya."

"Amin, Baba," in ji Kunkuru.

Amarya dai an san ta da kunya a irin wannan rana. Amma daga cikin mayafi aka ji amin ɗin Sifana, ta fi ta kowa ƙarfi.